Ƙanƙarar da ke kamawa da wuta

Ranar Laraba 'yata ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta sauke ba ta ce, "Baba, ka san akwai ƙanƙarar da ke kamawa da wuta?" Na ɗauka tatsuniyar Turawa ce aka yi musu. Ashe darasi ne.

A Tromso muke zaune, can ƙuryar arewacin Nowe, inda rana ke ɓuya wajen wata biyu a lokacin hunturu. Jami'ar garin ta yi shekara goma, daga 2013 zuwa 2023, tana da cibiya ta musamman mai binciken metan, wata iskar gas mai kamawa da wuta, da ke ƙarƙashin teku. A can ƙasa, sanyi da nauyin ruwa kan matse iskar ta daskare cikin ƙanƙara, har curi ɗaya ya riƙe iskar da ta ninka girmansa kusan sau 160. Da aka zo yi wa yaran bayani, kwalbar lemo kawai malamarsu ta girgiza ta buɗe, kumfa ya yi tsartuwa har kan tebur. Ta ce haka ta faru a Tekun Barents shekaru kusan 12,000 da suka wuce: ƙanƙarar da ta danne wurin ta janye, iskar ta fashe, ta bar ramuka fiye da ɗari, wasu faɗinsu ya kai kilomita guda.

Ni kuwa a sakandare a Kano, CH4, wato metan ɗin nan, aka rubuta mana a allo, muka haddace kamar karatun aku, muka zuba a jarrabawa, muka manta. Ɗakin gwaje-gwajenmu kullum da kwaɗo a ƙofa. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan CH4 ɗin ita ce ke fita in saniya ta yi gyatsa, ita ke tashi daga gonakin shinkafar Kadawa da bolar bayan gidanmu. Yau ma ita ake ɗura wa motoci da sunan CNG.

Na san abin da za a ce: ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, ba mu da jirgin ruwa irin Kronprins Haakon, wanda da shi aka gano wani tudu mai aman taɓo da metan a zurfin mita 400 a 2023. Amma nawa kwalbar lemo take? A ganina abin da ya raba mu shi ne, su daga bakin ƙofar yaro suke fara darasi, mu kuwa daga shafin littafi.

Malamar ba ta kuma tsorata yaran ba. Ta faɗa musu cewa metan ta fi iskar kabon ɗumama duniya kusan sau 80 cikin shekara 20, amma yawancin wadda ke ɓulɓulowa daga zurfin teku narkewa take a ruwa, ƙananan halittu su cinye ta kafin ta iso sama. Wani yaro har ya tambaye ta, to me ya sa Nowe ke haƙo gas a wannan tekun tana sayarwa? Ta ce tambaya ce mai kyau. A ajinmu da ya sha dorina.

Daren nan na kira ƙanena da ke koyar da kimiyya a gida, na ce ya cika kwalba da kashin shanu da ruwa, ya ɗaura balan-balan a bakinta, ya ajiye a rana yara su riƙa leƙawa su ga iskar na kumbura shi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kashin shanu kam ba ma nema."