Awa 40 ba ta isa riƙe ran tsoho ba, kuma Albany ta sani

Duk Bahaushen da ke zaune a New York ya san yawan 'yan uwanmu da ke cin abinci da kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, aikin da muke ce wa homkiya. Matan Kumasi da Accra, na Yamai da Maraɗi, na Kano da Jos, su ne ke cika jirgin ƙasa daga Bronx tun da asuba, rigar aiki a ƙarƙashin rigar sanyi. Ni ma a cikinsu nake, kuma na daɗe. Don haka idan Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ke Albany, babban birnin jihar New York, ta sauya wata ƙa'ida, a jikina nake jin ta kafin in gan ta a jarida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a 'yan shekarun nan an taɓa kusan komai na wannan aiki. An sauya wanda ya cancanci a kula da shi, an sauya mai tantance shi, an sauya mai biyan albashi a wani ɓangaren, an sauya yadda muke nuna mun iso wurin aiki. Horon da ake ba mu da abin da takardar shaidarmu ta yarje mana mu yi kuwa, suna nan inda aka bar su tun da daɗewa.

Ga yadda abin yake, saboda waɗanda ba su cikin sana'ar. Takardar farko ita ce PCA, horon awa 40. Da ita za ki yi wa mutum wanka, ki sa masa kaya, ki dafa masa abinci, ki kai shi banɗaki. Ta sama da ita HHA ce, awa 75, kuma 16 daga ciki na gwaji ne a gaban nas. Wannan 75 ɗin asalinsa wata dokar tarayya ce ta 1987, zamanin Reagan. A 2008 cibiyar masana lafiya ta ƙasa, Institute of Medicine, ta ba da shawarar a ɗaga shi zuwa aƙalla awa 120. Gwamnatin tarayya ba ta ɗaga ba. Ita PCA ma ba ta da wani ma'auni na tarayya ko kaɗan, kowace jiha da abin da ta ga dama.

A jihar nan, 'yar uwarmu da ke son lasisin kitso don ta buɗe shago a Harlem sai ta yi awa 300 a makaranta. Mai gyaran farce awa 250. Wadda za a danƙa wa dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ita kaɗai da shi a ɗaki daga safe har dare, awa 40. Ba raina kitso nake ba, da shi mutanenmu da yawa suka gina gidaje. Tambayata ita ce da wane ma'auni aka auna waɗannan biyun.

Wanda bai taɓa yi ba yana ɗauka aikin shara da girki ne. To ku zo ku ga yadda ake tayar da dattijo daga gado zuwa keken guragu. Sai kin kulle ƙafafun keken, kin ajiye shi ta ɓangaren da ke da ƙarfi, kin ɗaura masa ɗamara a ƙugu, kin tokare gwiwarsa mai rauni da taki, sannan ki ce, "Baba, sai na ƙirga uku, kada ka riga ni." In ya riga ki, ko kika ja shi ta hammatar da ta shanye, ko dai ku faɗi tare ko kafaɗar ta goce. Lokacin wanka idonki na kan dundunniyarsa da ƙashin bayansa, domin jan tabon da kika danna bai yi fari ba, shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma in kika yi sakaci ya buɗe, watanni zai yi bai warke ba. Wajen ba shi abinci dole ya zauna a miƙe, loma ƙanana, ki saurari muryarsa bayan ya haɗiye. In kika ji ta jiƙe tana gurgura, abinci ya fara bin hanyar numfashi, kuma daga nan ciwon huhu ke kama tsofaffi.

Mai gigin tsufa kuwa, nata daban ne. Da la'asar sakaliya za ki ga tsohuwa ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa, tana cewa gida za ta tafi, uwarta na jiranta, alhali a gidan nan ta yi shekara arba'in. In kika ce mata uwarki ta rasu, kin sake kashe mata ita a ranar. In kika tare ƙofa da ƙarfi, ta kai miki duka. Sai dai ki ce, "Mama, zo mu sha shayi kafin mota ta iso," ki tambaye ta yadda uwar ke girki, har abin ya lafa. Yawancinmu ba a aji muka koyi wannan ba. A waya muka koya, wata tsohuwar hannu tana faɗa wa sabuwa cikin dare, bayan sabuwar ta sha kuka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Albany ta sani. Tun a kasafin kuɗin 2020 aka tsaurara sharaɗin samun kulawa a gida ƙarƙashin Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, annobar korona ta jinkirta shi, aka fara aiki da shi a watan Satumba na 2025. Sabon mai nema sai an ga yana bukatar taimakon hannu a abubuwa aƙalla uku na yau da kullum, irin su wanka, sa kaya, cin abinci, zuwa banɗaki. Mai gigin tsufa kuma sai yana bukatar a sa masa ido a aƙalla biyu. Waɗanda ke cikin shirin tun da can an bar su. Ma'anar wannan a fili take: masu ɗan sauƙin lalura an rufe musu ƙofa, waɗanda za a riƙa turo mana daga yanzu su ne masu nauyi. Jihar da kanta ta tace ta bar mana mafi wahala, amma ba ta ƙara ko awa ɗaya a kan 40 ɗin ba.

Akwai kuma wani abin da na kasa samun wanda zai fahimtar da ni. Mai takardar PCA ba ta da ikon yi wa mutum allurar insulin. Maganin sha ma iyakarta ta tuna masa, ta kawo, ta buɗe kwalbar, shi zai kai bakinsa. Amma a shirin CDPAP, inda mara lafiya ke zaɓar mai kula da shi da kansa, ɗiyarsa ko maƙwabciyarsa da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yin allurar, domin doka ta cire su daga wannan takunkumin. Kada a ɗauka ina adawa da CDPAP. Masu bukata ta musamman ne suka yi gwagwarmaya har aka kafa shi a dokar jiha a 1995, kuma ya rufa wa iyalanmu da yawa asiri, tsohuwar da ba ta jin Turanci ta samu 'yarta ta kula da ita ana biyanta. Amma in har za a yarda da hannun da ba a horar ba, me ya hana a horar da hannun da ya shekara goma yana aikin, a yarda da shi? A yanzu dai mai ciwon suga da idonsa ya raunana, ba shi da dangi kusa, sai ya jira nas. Kina zaune kusa da shi, abincin safe na hucewa.

An yi yunƙurin gyara wannan. A 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro wani mataki sama da HHA, wanda bayan ƙarin horo zai iya ba da magunguna na yau da kullum, har da insulin, ƙarƙashin kulawar nas. Mun yi murna a lokacin. Har yau ban haɗu da mai wannan takarda ba a cikin waɗanda nake aiki da su, ban kuma taɓa jin wani kamfani ya ce mu zo mu yi karatun ba. Dokar da ba a ware mata kuɗi ba, ba a kuma ɗaura mata ƙarin albashi ba, a takarda take zama.

Kada wani ya ce mini gwamnati ce ba ta iya sauri. A watan Afrilu na 2024 majalisar jiha da Gwamna Kathy Hochul suka amince a cire kamfanoni kusan 600 da ke biyan albashin ma'aikatan CDPAP a maye gurbinsu da guda ɗaya, saboda kuɗin shirin ya kai kimanin dala biliyan 9 a shekara. Aka ba wani kamfani mai suna PPL kwangilar, aka sa 1 ga Afrilu 2025 a matsayin ranar sauyi. Wato cikin shekara guda a mayar da mutane sama da dubu ɗari biyu da masu kula da su ƙarƙashinsa. Jama'a suka roƙi ƙarin lokaci, sai da magana ta kai kotun tarayya kafin aka sassauta wa'adin rajista. Haka kuma manhajar waya da muke danna wa idan mun shiga gida da idan mun fita, wadda dokar tarayya ta 2016 ta wajabta, tuni aka ɗora mana ita. Inda ake zargin kuɗi na zurarewa, ƙa'ida na canzawa cikin watanni. Na yarda akwai masu cuta a CDPAP, wasu ma mun san su, kuma bai kamata mu kare su ba. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki, domin faɗuwar tsoho ɗaya da karayar ƙugu ta fi kuɗin horar da ma'aikata da yawa.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, don an faɗa mini a gaban idona: "Yaya, in aka ƙara awoyi, sababbin zuwa fa? Wannan aikin ne kaɗai ƙofar da mace ke shiga cikin sati biyu ta fara biyan haya." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amsarta ita ce a ƙara horon ba tare da an rufe ƙofar ba, kuma akwai inda ake yin haka. A jihar Washington masu zaɓe ne da kansu suka amince a 2011 cewa mai kula da mutum a gida sai ya yi awa 75. Amma bayan awa 5 na gabatarwa da kiyaye haɗari kana iya fara aiki, sauran ka kammala cikin kwana 120 kana karɓar albashi, jarrabawar ma ana yin ta da harsuna da dama. Irin wannan nake so a New York: ki fara da 40 ɗinki, cikin watannin farko a biya ki ki ƙaro karatu a kan gigin tsufa, ciwon suga da shanyewar jiki, kowane mataki kuma ya zo da ƙarin kuɗi. A 2025 mafi ƙarancin albashinmu a birnin nan dala 19.10 ne a awa, kuma a kamfanoni da yawa wadda ta fara jiya da wadda ta shekara ashirin duk shi suke karɓa.

Ita kanta takardar ya kamata ta zama ta mai ita. Kika ƙetare kogin Hudson zuwa New Jersey, sai kin nemi tasu daga hukumar nas-nas ta can, inda ma'aunin awa 76 ne, bambancin awa ɗaya da namu. Mai HHA kuma in ta yi wata 24 a jere ba ta yi aikin da aka biya ta ba, takardar ta faɗi, sai ta sake zama gwaji ko ta koma aji. Ban ƙi a sake gwada hannun da ya daɗe bai yi aiki ba. Amma mu mun san inda yawancin matanmu ke tafiya idan suka ɓace shekara biyu: gida suke komawa jinyar uwa ko uba, suna yin aikin nan dai dare da rana. Gwajin yini guda kyauta ya ishe su, kada wata makaranta ta sake karɓe musu kuɗi.

Maganar kwana a gidan mara lafiya awa 24 a biya ki 13, wadda babbar kotun jiha ta amince da ita a 2019 bisa sharaɗin kin samu barcin awa 5 ba yankewa, ta Ma'aikatar Ƙwadago ce, zan ware mata rubutu nata. Duk wadda ta kwana da mai gigin tsufa ta san barcin da ake samu.

Idan Ma'aikatar Lafiya za ta sauya ƙa'ida, dole ta buga daftarin a mujallar gwamnati ta State Register, ta ba jama'a kwana 60 su faɗi ra'ayinsu, kuma dole ta duba abin da aka aiko. Kamfanoni da ƙungiyoyinsu suna da lauyoyin da ba sa barin ko ɗaya ya wuce su. Mu da ke ɗaga tsofaffin ba ma rubutawa, yawancinmu ba mu ma san ana yi ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu da limaman masallatanmu na Bronx, don Allah a samu yaro ɗaya mai karatu ya riƙa bibiyar wannan mujallar. Ranar da daftarin horo ko takardar shaida ya fito, a tara mu bayan sallar Juma'a, kowacce ta faɗi abin da ta gani a wurin aiki da Hausa, yaranmu su mayar da shi Turanci, mu sa hannu mu aika Albany kafin kwana 60 ɗin su cika.