Bakin alƙalami ke rubutu, sunan kamfani ba ya yi

Har yanzu raina bai huce ba kan maganar alƙalamin yaron nan, kuma waɗanda suke ce mini in bar zancen ya wuce su yi haƙuri, ba zan bari ba. Wata uku ɗan yayata yana tara kuɗi, yana taka sayyada zuwa makaranta don ya ajiye kuɗin adaidaita, yana haƙura da abincin rana. Da kuɗin suka cika sai ya zo da tambaya mai ma'ana: tsakanin alƙaluman tawada biyu, Pilot Metropolitan na Japan da Lamy Safari na Jamus, wanne zai saya? Ga amsoshin da ya samu. Mutum ya fi ashirin suka yi masa magana, wannan ya ce na Jamus ya fi ƙarko, wancan ya ce na Japan ya fi kyan gani a aljihu. Cikinsu babu mutum ɗaya da ya tambaye shi a kan wace irin takarda yake rubutu, ko yaya girman rubutunsa yake. Wannan shi ne abin da ya ƙona mini rai.

Ya je ya sayo Safari mai baki M, wato matsakaicin kauri, don shi kaɗai ya rage a wurin mai sayarwa, shi kuma mai sayarwar ya ce masa ai duk ɗaya ne. Da daddare ya shigo da littafinsa ya ce, "Kawu, duba ka gani." Na duba. Tawada ta baje a jikin takarda, ta yi naso har bayan shafi, lanƙwasar ƙ ɗinsa ta toshe ta zama ɗigo, ɗ da d ba ka iya bambance su. Yaron da rubutunsa ƙanana ne a tsare, ya koma kamar wanda ya yi rubutu da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana tsaye yana tambayata ko shi ne bai iya riƙewa ba. Wallahi na ji tausayinsa.

Jama'a, bakin alƙalami ke rubutu. Jiki riƙo ne kawai, murfi kuma rufi ne. Wanda zai ba ka shawara kan alƙalamin tawada bai fara da maganar baki ba, bai san abin da yake faɗa ba, ko alƙaluma nawa ya tara a durowa.

Harafin F (siriri) ko M (matsakaici) da ake bugawa a bakin alƙalami kowane kamfani da nasa awon. Mutanen Japan rubutunsu yana da zane-zane da yawa a ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa bakunansu suka fi na Turai siriri. F na Pilot ya fi F na Lamy siriri ƙwarai, M na Pilot ne ma yake kusa da F na Lamy. To ka ga yaron da aka miƙa wa M na Lamy, an ba shi abin da ya zarce buƙatarsa da taki biyu. Baki mai kauri tawada mai yawa yake saki, takardar littattafan makarantarmu kuma ba ta da kauri, shanye ruwa take yi kamar tsumma. Da ya sami F na Pilot, ko EF na Lamy, wanda ya fi F ɗinsa siriri, da wannan takardar dai za ta ɗauka lafiya ko kusa da haka. Kamfanin Platinum ma bai tsaya ga haruffa ba, a jikin alƙalaminsa Preppy yana rubuta 02 da 03 da 05 don ka san sirantar layin tun kafin ka biya.

Wani ya ce mini ai Lamy ba ya mutuwa. Wa ya yi musu? Tun 1980 ake yin Safari, Wolfgang Fabian ne ya zana shi, a Heidelberg ake ƙera shi, da irin robar nan mai tauri da ake yin kayan wasan yara na Lego da ita. Zai faɗi ƙasa sau goma ka ɗauka ka ci gaba. Amma ƙarkon jiki me ya amfana wa wanda malaminsa ba ya iya karanta abin da ya rubuta? Wani kuma ya ce Metropolitan tagulla ne, ya fi kama da alƙalamin manya. Haka ne, tagulla ne, tun fitowarsa a 2012 abin da ya ja mutane gare shi kenan. Sai dai nauyinsa ya kai wajen giram 26, Safari kuwa wajen 17, kuma wanda zai yi awa uku yana kwafar darasi hannunsa zai gaya masa bambancin. Akwai kuma ɗan tudu tsakanin jikinsa da wurin riƙo da yake damun masu riƙewa daga sama. Shi ma Safari wurin riƙonsa an fafe shi kusurwa uku, idan riƙonka ya dace da shi za ka ji daɗi, idan bai dace ba kullum kuna cikin kokawa. Waɗannan duk maganganu ne na gaskiya, amma bayan an gama maganar baki ake zuwa gare su.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya ce, to ya sayi takarda mai kyau mana. Ɗalibi ne yake zaɓar takardar jarrabawa? Ma'aikaci ne yake zaɓar takardar fom ɗin ofis? Abin da aka miƙo maka a kai za ka rubuta. Yaron da ya yi wata uku kafin ya haɗa kuɗin alƙalami ɗaya, shi za ka tura ya riƙa sayen littafin rubutu na ƙasar waje kowane zango? Alƙalami ake zaɓa ya dace da takardar da mutum yake da ita a hannu.

Kuma mafi yawan gardamar da ake yi kan wanne ya fi wanne, a kan tufafi ake yin ta. Ɗauki Kakuno na Pilot, wanda aka fitar a 2013 don yara masu koyon rubutu, mai 'yar fuskar murmushi a bakinsa. Ƙirar bakinsa ɗaya da na Metropolitan, kana iya zare na wannan ka sa wa wancan, amma kuɗinsa bai kai na Metropolitan ba. Safari da Al-Star da Vista, duk na Lamy, bakinsu ɗaya ne, ɗaya roba mai launi, ɗaya alminiyam, ɗaya roba mai nuna ciki. Preppy da Plaisir haka, baki ɗaya, riga daban. Sai ka ga mutum ya kwana yana kallon bidiyo yana auna alƙaluma biyu da a kan takarda layi iri ɗaya suke ja. Kuɗin Safari ɗaya zai saya maka Preppy huɗu ko fiye. Da yaron nan ya fara da Preppy 03 ya gane irin layin da hannunsa yake so, da sauran kuɗinsa suna aljihunsa, da kuma ya san abin da zai nema idan ya tashi sayen babba.

Bayan baki sai tawada, ita ma ba wanda ya ambata masa. Lamy da 'yar robar tawadarsa, Pilot da tasa, Platinum da tasa, ta wannan ba ta shiga wancan. Idan guda ɗayar da ta zo a kwali ta ƙare, kana Zariya ko Gusau, ina za ka samo wata? Shi ya sa nake cewa duk wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu ya haɗa da 'yar na'urar zuƙo tawada daga kwalba tun ranar farko, Z28 idan Lamy ne, CON-40 idan Pilot ne. Kwalba ɗaya ta Parker Quink ko Pelikan 4001 za ta kai ɗalibi nesa. Wanda bai samu ba, ya wanke tsohuwar robar ya riƙa cika ta da sirinji, na yi shekaru ina haka. Sannan ga hunturu. Ka ajiye alƙalami mako biyu cikin wannan busasshiyar iska, ka dawo ka tarar baki ya ƙafe. A nan Preppy, mai arahar nan da ake rainawa, ya yi wa na sama da shi zarra, domin a cikin murfinsa akwai wani ƙaramin murfi mai sifirin da yake toshe iska.

Masu cewa a sayi Jinhao na China kawai a huta, na ji ku. Yana da araha, yawancinsa da abin zuƙo tawada yake zuwa, ina da guda uku. Amma biyu daga ciki suna tafiya sumul, na ukun kuwa kartar takarda yake yi tun ranar da na buɗe shi. Sayensa sa'a ce, kuma ban ga dalilin da zai sa in tura mai alƙalami ɗaya tal ya gwada sa'arsa ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne kuɗin yaron ba su tafi a banza ba. Bakin Lamy zarewa yake yi, ka manna masa ɗan salatif ka ja a hankali ya fito, ka tura wani. Na sa an nemo masa EF, kafin ya iso na ba shi aron Kakuno ɗina mai F. Jiya ya kawo mini shafi guda da ya rubuta da shi a wannan littafin dai, kowace ɓ da ƙ a buɗe, bayan shafi tas. Bai ce komai ba, ya ajiye a gabana yana murmushi. Wannan abin da tambaya biyu za ta iya ba shi tun farko, ba sai ya yi kwana huɗu yana zargin hannunsa ba.

Sannan don Allah, wanda ya ce masa ya zuba tawadar allo a ciki don ya rage kashe kuɗi, kar ya sake ba wani wannan shawarar. Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, idan ta bushe a cikin 'yan hanyoyin da tawada take bi zuwa baki, ta liƙe su kenan. Ita wurinta alƙalamin kara, wanda malam yake feƙewa da wuƙarsa. Na tuna malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa, ba ya feƙe wa yara biyu alƙalami iri ɗaya. Sai ya duba allonka tukuna, idan rubutunka manya ne ya bar bakin da faɗi, idan ƙanana ne ya ƙara sirance shi, ya gwada a tafin hannunsa sannan ya miƙo maka. Mahaifina kuma Hero 616 yake amfani da shi, na Shanghai ɗin nan da aka kwaikwayo daga Parker 51, wanda ake matsa 'yar robar cikinsa ya zuƙi tawada. Kullum yana aljihun gaban rigarsa, kuma duk rigunansa na aiki akwai ɗan shuɗin tabo a wurin, Inna ta wanke har ta gaji ta bari. Alƙalamin yana wurina, robar cikinsa ta tsage tun shekaru da suka wuce. Idan akwai wanda ya san mai gyaran irinsa a Kano ko Kaduna, ya yi mini magana, ina so in sake jin yadda yake tafiya a takarda.