Ku bar farin tushen nan ya huta

Har yanzu maganar da wasu suka yi jiya kan wani wasan bidiyo ba ta bar ni ba. A ce wai Ōkami wasan yara ne, don kawai a ƙauyen Kamiki da ke cikin wasan ana sa mutum ya tone farin tushen nan daikon a gonar wata mata tana bin sa da gudu? Haba jama'a! Wasan da kamfanin Capcom ya fitar a 2006, aka zana shi kamar da alƙalamin tawada, shi za ku kushe saboda gona ɗaya?

Gonar nan tana daga cikin abin da ya sa ƙauyen ya zama ƙauye. Daikon tushe ne fari sol, ya fi karas tsawo da kauri nesa ba kusa ba, kuma Bajapane da shi ya tashi. Lokacin sanyi ana yanka shi ƙwala-ƙwala a dafa a romon oden, wani farfesun Japanawa, har ya yi laushi ya tsotse romon. Ana shanya shi a iska, a tsuma da gishiri da dusar shinkafa ya koma rawaya, shi ne takuan. Ana gurza shi ɗanye a ɗora gefen gasasshen kifi. Wanda ya zana ƙauyen Japan bai sa shi ba, ai bai gama zane ba.

Wani ya ce ai takobi da faɗa ya zo nema. To ka samu, wa ya hana ka? A wasan Like a Dragon: Ishin! na kamfanin Sega, jarumin da ke yini yana sare-sare a Kyoto shi ne yake komawa gida ya shuka daikon, ya tsaya a madafa ya yanka. Wannan ne yake sa ka yarda mutum ne mai ci da sha. Ko wasan Genshin Impact na Sinawa, da ya fito a 2020, farin tushen nan yana ciki, har miya ake yi da shi.

Japanawa ba sa jin kunyar abin da ƙasarsu ke fitarwa, shi ne abin da ke burge ni, wallahi. A Sakurajima ta Japan, cikin tokar dutse mai aman wuta, aka noma ɗaya mai nauyin kilo 31.1 a 2003, har ya shiga kundin Guinness. Manomi ya yi wannan gumin, mai zana wasa ya girmama shi, kai kuma kana kwance da waya kana cewa shirme ne.

Af, wanda bai taɓa wasan Sakuna: Of Rice and Ruin ba ya nema. Can noman shinkafa ne tun daga dashe har sussuka, ruwan fadama ma kai za ka daidaita. Da ya fito a 2020, sai da 'yan wasa suka riƙa leƙa shafin ma'aikatar noma ta Japan don shinkafarsu ta yi kyau. Wa ke da shi a na'urar wasa ta Switch ya ara min?