Jarin matar manomi ba kuɗin taki ba ne

Tun da na dawo daga wani bikin suna a unguwar Aboabo ta Kumasi jiya raina yake a ɓace.  An zalunci wata baiwar Allah mai sayar da koko, matar manomi, sau biyu: an cinye mata jari, sannan aka zaunar da ita a tsakiyar mata ana gaya mata cewa ita ce ta kasa haɗa gida da sana'a. Shekara takwas tana dama koko a bakin titi ba a taɓa jin yaranta sun kwana da yunwa ba, sai da mijinta ya karɓi kwasar adashinta ya sayi taki bai mayar ba, sannan tukunyarta ta sauka daga murhu. Amma a wurin sunan babu wadda ta ambaci wannan kuɗi.

Ni ma matar manomi ce, kuma sana'armu ɗaya da ita. Maigidana yana noman masara a wajen Ejura, tafiyar kusan kilomita 100 daga Kumasi, inda ake shuka sau biyu a shekara, babbar damina daga Afrilu, ƙaramar kuma daga Satumba. Idan aiki ya kama yakan yi sati uku ban sa shi a ido ba, gidan kuwa yana wuyana da yara huɗu da mahaifiyarsa. Nakan jiƙa gero da rana, in kai inji da la'asar tare da citta da kanumfari da barkono, in tace in bar gasara ta kwanta, sannan in tashi ƙarfe 3 na dare in hura gawayi, domin kafin a fito sallar asuba kokon ya dahu, ƙullun ƙosai kuma ya bugu. A tsakiyar ciniki nake ɗaure wa ƙaramar igiyar takalmi, in duba ko babban ya ɗauki littafinsa. Wannan duk mun iya shi, mun gaje shi daga iyayenmu. Abin da babu macen da ta iya shi ne sayen gero da hannu wofi.

Kuɗin manomi sau biyu yake shigowa a shekara, shi ma idan Allah ya sa damina ta yi kyau, alhali cikin yaro sau uku yake nema a rana. Tsakanin girbi da girbi, cefane da kuɗin makaranta da na allo da katin lantarki da maganin tsohuwa, duk daga cinikin safiya suke fita. Mun gani a 2017 lokacin da tsutsar nan ta afka wa masara a faɗin Ghana, mun gani a Disambar 2022 da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100, mun sake gani a 2024 da ruwa ya ɗauke a arewacin ƙasar har gwamnati ta hana fitar da hatsi ƙasashen waje a watan Agusta. A waɗannan shekarun gidaje da yawa a unguwannin Asawase da Sabon Zango tukunyar koko da ta shinkafa da wake ce ta riƙe su. To, mutumin da ya ɗebe jarin wannan tukunya ya zuba a gona, ya cire ginshiƙin da zai tokare ɗakin ranar da gonar ta ƙi.

Wata Hajiya da nake girmamawa ta ce, ai gonar ta gida ce, idan an girbe kowa zai ci. Hajiya, ki yi haƙuri, idan an girbe an kai kasuwar Techiman an sayar, a aljihun wa kuɗin suke shiga? Da wa ake shawara kafin a sayi babur ko a fara zancen ƙarin aure? Wata kuma ta ce mace ta gari ba ta lissafi da mijinta. Wannan magana ba ta da gindi. Ciyarwa da tufatarwa wajibin miji ne, kuma Suratun Nisa'i ta faɗa ƙarara cewa mata suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira. Idan mace ta ba da nata da daɗin rai ladanta yana wurin Allah, mu ma muna bayarwa kullum ba tare da an roƙe mu ba. Amma abin da aka karɓa da sunan aro bashi ne, kuma bashi biyansa ake yi, ko da mai binka a ɗaki ɗaya kuke kwana.

Ban ce maza ba sa shan wahala ba. Na ga tafin hannun maigidana bayan noman farko, na kuma san yadda farashin buhun taki yake hana shi barci. Shi ya sa shekarun baya da ya nemi aro a wurina na ce masa, Malam, zan ba ka ribar da na tara, amma uwar kuɗin ba za ta taɓu ba, kuma a rubuta a gaban yayanka. Ransa ya ɗan sosu na kwana biyu, da ya sayar da masara kuwa ya turo mini ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, har da ƙari. A waccan shekarar ƙaramar damina ta lalace, kokon nan kuma shi ya kai mu Afrilu.

Gobe idan Allah ya kai mu zan kai wa baiwar Allah nan tiya biyar ta gero da buhun gawayi. Mu goma sha biyu ne a adashinmu, kwasar wannan wata tawa ce, kuma na riga na gaya wa uwar adashi cewa na bar wa baiwar Allah nan ita, ni zan jira tata kwasar a ƙarshen zagaye. Wadda take da tukunyar da ba ta amfani da ita, babba mai murfi, ta yi mini magana kafin Juma'a, domin tukunyar baiwar Allah nan ma an sayar.