Zuwa Ga Mai Hoton Fure

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ni dai ban kira suna ba, kada wata ta bugo min waya da daddare tana rantse-rantse.

Wata uku ke nan duk lokacin da na ɗora hoton yajina ko daddawa a Facebook, sai wani shafi mai hoton fure ya ɓullo a ƙasa. Yau yajin da ƙasa a ciki, gobe kukar ta shekara, jibi wai na zo Legas na manta asalina. Shafin ba shi da aboki ko goma, an buɗe shi satin da na samu odar bikin nan na Idi-Araba. Ikon Allah.

Baiwar Allah, kin canza suna, kin canza hoto, amma kin manta ki canza hannu. A duk Agege mace ɗaya na sani da ke rubuta wallahi sau uku a layi ɗaya, ta rufe da "nidai nafada". Kuma furen nan ba ya magana sai bayan isha'i, daidai lokacin da wata ke kwashe tirenta daga bakin titi. Ranar da aka ɗauke wuta a layinku kwana biyu, shi ma furen bai ce uffan ba. Kifi na ganinki, mai jar koma.

'Yan uwa suna ta cewa in rama, wasu su ce in toshe ta. Wani ƙanena ma har da kawo min zancen sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wai in kai ƙara. To tun gyaran 2024 aka taƙaita sashen, kuma ko da ba a taɓa shi ba, ni zan bar tukunya a wuta in shiga danfo in yini a cunkoso saboda fure? Kuɗin motar ma ya sayi rabin kwandon attaruhu a Mile 12, in kasuwa ta yi sauƙi.

Abin da nake yi kaɗan ne. In maganar ta taɓa kayana, nakan amsa sau ɗaya, ba don ke ba, don mai saye da ke karantawa: ga ranar da aka daka, ga inda barkonon ya fito, wadda ta samu ƙasa ta dawo da shi ta karɓi kuɗinta. Har yau ba wadda ta dawo. In kuwa ta koma kan iyayena ko aurena, sai in ɗauki hoton maganar in ajiye, in ɓoye ta. Ashe ba ki sani ba? Facebook in an ɓoye magana, mai ita da abokanta ne kawai ke ci gaba da gani. Wato tun watan jiya ke da abokanki tara kuke shan zagin, kamar mai wa'azi a ɗakin da ba kowa.

Toshewa kuwa ba zan yi ba. Kina zuwa, mata su taso kare ni, magana ta yi yawa, hoton ya ƙara yawo, oda ta shigo har daga Obalende. Da kuɗinki kike sayen data, ga shi tun 2025 ta ƙara tsada, ki zo ki yi min talla kyauta. Wa zai kori irin wannan ma'aikaciya?

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, shi ma ba zagin ba. A 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa, babur ɗin wani gida ya kwanta, wata ta zo min da goyo tana share hawaye da bakin mayafi. A turmina ta koyi haɗin nan. Ni na nuna mata wurin mai citta, na tsaya mata aka ba ta bashin buhun farko. Ba gori nake yi ba, tuni ne, tunda ƙwaƙwalwa ta fara rauni.

Asabar akwai suna a Zango, na san za mu haɗu. Zan gaishe ki, in tambayi yara da maigida kamar kullum. Ki zo min da roba ta mai shuɗin murfi, shekara biyu ke nan tana wurinki.