Kwamitin lafiya da ba ya riƙe da lalita

Tun watan Maris na 2025 da gwamnatin Birtaniya ta Keir Starmer ta ce za ta rushe NHS England, hukumar da ke jagorantar tsarin kiwon lafiya na gwamnati (NHS) a Ingila, ta kuma umarci hukumomin lafiya na yankuna 42 su zabtare rabin kuɗin gudanarwarsu, ake ta tafi wai an yi maganin masu zaman kashe wando a ofis. Ba a tambayi makomar kwamitocin lafiya da walwala ba, wato teburin da ƙananan hukumomi da jami'an lafiya ke zama su tsayar da abin da ya fi damun jama'arsu.

Dokar lafiya ta 2012 ce ta kafa waɗannan kwamitoci, kusan 150 a faɗin Ingila, suka fara aiki a Afrilun 2013. Dole a samu aƙalla kansila ɗaya a ciki, da daraktan lafiyar al'umma, da na kula da yara, da na kula da manya, da wakilin hukumar lafiya ta yanki, da na Healthwatch mai magana da yawun marasa lafiya. Suna fara tattara alƙaluma unguwa-unguwa: ina aka fi mutuwa da wuri, ina tsofaffi suka fi faɗuwa a gida, ina ƙiba ta fi kama yara. Daga nan su fitar da tsarin abin da za a sa a gaba.

A nan gizo ke saƙa. Doka ta ce mai kashe kuɗi ya yi la'akari da wannan tsari, ba ta ce lallai ya bi shi ba. Kuɗin lafiyar al'umma da ake raba wa ƙananan hukumomi bai kai fam biliyan 4 ba a shekarar 2025, kuma darajarsa a kan kowane mutum ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tun 2015, alhali NHS na juya fiye da fam biliyan 150. To idan kwamiti ya ce gyaran gidaje masu danshi ne kan gaba, asibiti kuma ana tsare shi da tambayar layin masu jiran tiyata, wa kuke jin zai yi rinjaye?

Ku tuna Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da hunhunar bangon gidan haya ta yi ajalinsa a garin Rochdale na Ingila a Disambar 2020. Watanni kafin rasuwarsa ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wa masu gidan, ba a gyara ba. Bayani ya isa hannun masu gidan, ikon tilastawa ne babu. Haka kullum fiye da mutum 10,000 da likita ya sallama ke kwance a gadon asibiti, da yawansu don ba a samu mai kula da su a gida ba, aikin da ke wuyan ƙaramar hukuma.

Masu cewa haɗe hukumomin lafiya na yankuna zai rage ɓarna ba su taɓa ganin jami'i ɗaya yana zarya tsakanin kwamitoci biyar ko shida, yana sa hannu a takardar halarta ya fice ba. Sai ga shi a Yulin 2025 an ce Healthwatch ma za a soke ta, a miƙa aikinta ga hukumomin da take sa wa ido. Wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne.

A taƙaita manufofin zuwa uku ko huɗu, kowacce da kuɗinta da sunan jami'in da zai amsa tambaya a kanta. Asusun haɗin gwiwa na NHS da ƙananan hukumomi da aka fara a 2015 yana nan, a faɗaɗa shi, kuma kada kasafin yanki ya wuce sai da sa hannun kwamitin.