Mai son tayar da tsohuwar motar Ingila, kada ya fara da kwance ta

A watan Oktoban 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, bayan ta shafe shekara 18 tana ƙera ƙaramar motar nan ta yawon shan iska, MGB. Fiye da rabin miliyan aka ƙera tun daga 1962, kuma har yau da yawansu na kwance a garejin gidaje an lulluɓe su da tamfol. Su ne ke jan hankalin mutanen da ba makanikai ba, irin malamin da ya yi ritaya ko ma'aikacin ofis da ke marmarin aikin hannu. Ina goyon bayan wannan sha'awa ɗari bisa ɗari. Abin da ba na goyon baya shi ne yadda sabbin shiga da dama ke fara aikin: su kawo mota gida, su ɗauki safana, su kwance ta filla-filla.

Kwancewa ba ta da wuya, kwana biyu sun isa. Haɗawa ce ke cin shekaru. Shi ya sa shafukan sayar da tsofaffin motoci a Birtaniya ba sa rabuwa da tallan aikin da aka fara ba a ƙarasa ba. Za ka ga hoton bodi tsirara a kan jak, kujeru a jingine da bango, gwangwanaye cike da noti da kusoshi babu mai sanin inda aka ciro su. Mai ita bai taɓa jin ƙugin injinta a kan titi ba, don haka babu abin da zai riƙe masa zuciya idan sanyin hunturu ya shigo kuma aljihu ya yi ƙasa.

Tun wajen saye ake cin wannan yaƙi ko a faɗi. Sabon shiga yakan tsorata da inji, alhali inji shi ne mai sauƙin. Na MGB silinda huɗu ne, cc 1,798, da kafireta biyu ƙirar SU, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Mai haƙuri da littafin gyara a hannu zai koyi canza fulogi, daidaita kafireta da wanke lagireto. Tsatsa ce abin tsoro. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa, kuma ƙarfinsa na cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. A Birtaniya ana watsa gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige cikin waɗannan ƙarafa ya riƙa cinsu daga ciki, kamar yadda gara ke cinye azara alhali yaɓen ɗaki na nan sumul. Don haka mai saye ya duƙa. Ya ɗaga kafet ya danna ƙasan motar da yatsa. Ya dubi tsagar ƙofa: idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Ya bi gefen bodi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to an cike rami ne da fila aka fesa fenti a kai. Mota mai dusasshen fenti da lafiyayyen ƙarfe ta fi mai sheƙi da ruɓaɓɓen ciki nesa ba kusa ba, ko da ta fi ta tsada. Araha ba ta ado.

A nan masu riƙe da tsohuwar Peugeot 504 haɗin Kaduna sun fi Bature sa'a, domin ba a watsa gishiri a titunanmu, iskar arewa kuma busasshiya ce. Rana da ƙura ke cinye musu roba da kujeru, waɗannan kuwa canza su ake yi.

Wani zai ce ai tsatsa ba ta gagara, tunda kamfanin British Motor Heritage na ƙera sabon bodin MGB tun 1988, da ainihin na'urorin da aka ƙera bodin farko da su. Haka ne, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin MGB ta fi dacewa da mai koyo a kan Jaguar E-Type ta 1961, wadda kuskure ɗaya a injinta mai silinda shida zai iya cinye albashin watanni. Amma idan aka haɗa kuɗin sabon bodi da na fenti da na mayar da komai, sau da yawa sun zarce abin da motar za ta yi a kasuwa. Wanda walda ke ba shi tsoro ya duba Triumph Spitfire, wadda bodinta ke ɗaure a kan shasi, gabanta kuma ke ɗagawa gaba ɗaya har mutum ya zauna a kan taya yana aikin inji.

Hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce gyara kaɗan-kaɗan na sa a maimaita aiki, ka ɗaura abu yau ka sake cire shi baɗi. Na yarda. Idan tsatsa ta yi nisa, ba makawa sai an tuɓe motar duka. Sai dai irin wannan mota ba ta mai koyo ba ce tun farko. Maimaita aikin kuwa ba asara ba ce ga wanda ya zo koyo, karo na biyu ne hannunsa ke faɗawa.

Sai ya fara da birki da tayoyi, domin tayar da ta shekara goma a ajiye ta mutu ko da zanenta bai goge ba. Ya canza robobin fetur, musamman tunda man E10, wato fetur mai gaurayen sinadarin ethanol, da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2021 yana lalata tsohuwar roba. Sannan wayoyin wuta na kamfanin Lucas, waɗanda aka daɗe ana yi wa mummunar shaida, alhali galibin matsalar datti ne da tsatsa a mahaɗar waya. Ya kula cewa a motocin MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, akasin motocin yanzu. Daga nan ya hau ta. Fenti da kujerun fata su jira.

Akwai wuri ɗaya da ba na sassautawa. Tun watan Mayun 2018 yawancin motocin da suka haura shekara 40 a Birtaniya ba dole ne a kai su gwajin lafiya na shekara-shekara ba, wato MOT, kuma duk MGB ta shiga wannan sahu. Mutumin da ya haɗa birki karon farko a rayuwarsa bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin aikinsa ba, tunda titin ba nasa ba ne shi kaɗai. Doka ba ta hana shi kai motar gwajin da kansa ba. Ƙungiyoyi irin MG Car Club, wadda aka kafa a 1930, da MG Owners' Club ta 1973, cike suke da dattawan da suka san kowace kusa a jikin motar nan. Ya nemi ɗaya daga cikinsu ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya ɗauki matarsa ko ɗansa a kujerar gefe.